Wa ya kaɗa kiɗan Mario, kuma wa zai kaɗa namu?

Gwada wannan a majalisarku yau da daddare. Ka yi fito da ɗan amon nan na farkon wasan Super Mario, ba sai ka kai ƙarshe ba. Na gwada a wajen mai cajin waya a nan Getso, kafin in rufe baki mutum uku sun karɓe. Ɗaya daga cikinsu ma bai taɓa mallakar na'urar gem ba, a gidan maƙwabta ya riƙa leƙe ta taga yana yaro. Sai na tambaye su sunan wanda ya yi kiɗan. Shiru. Wani ya ce ai kwamfuta ce ta yi.

Ban yi masa dariya ba, don ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru. Sai da na haɗa gem ɗina na farko ya faɗi warwas, sannan na nemi sanin mutumin. Sunansa Koji Kondo, kuma abin da nake so in faɗa a rubutun nan shi ne, mu da muke koyon haɗa manhaja da gem a Arewa muna yin wani kuskure da kamfanin Nintendo ya kauce wa tun 1984: mun ɗauki sauti a matsayin abin da ake yayyafawa a ƙarshe kamar yaji a kan tsire, kuma mun ɗauki mai yin sa a matsayin wanda ba sai an biya shi ba, ba sai an ambace shi ba.

Bari in fara da abin kunyata. Gem ɗin nawa na ɗan acaɓa ne da ke kauce wa ramuka da awaki a kan hanya. Wata huɗu na yi ina rubuta kod ɗinsa a wata tsohuwar laftof da batirinta ba ya kai awa ɗaya. Ranar da na gama, sai na tuna babu sauti. Na ɗauko wata waƙar fim da ake yayi a lokacin, na yanke minti ɗaya, na liƙa, shi ke nan. Na tura wa abokai ta Xender. Abu na farko da kowa ya yi shi ne rage murya har ƙasa. Ƙanena ya faɗa mini gaskiya: "Yaya, babur yana gudu waƙar tana soyayya." Ga shi fayil ɗin waƙar ya fi duk sauran gem ɗin nauyi. Ga shi kuma, in da na ɗora shi a Play Store, mai waƙar yana da cikakken ikon sa a sauke shi, dala 25 ɗin da zan biya na buɗe asusu ta tafi a banza. Laifi uku a aiki ɗaya.

An haifi Koji Kondo a birnin Nagoya a 1961. Tun yana ɗan shekara biyar aka sa shi koyon Electone, wani nau'in fiyano mai lantarki na kamfanin Yamaha. Riƙe sunan kamfanin nan, za mu dawo kansa. Ya yi karatu a jami'ar fasahar zane da kiɗa ta Osaka, kuma a shekararsa ta ƙarshe ya ga sanarwar Nintendo na neman ma'aikacin sauti. Ya shiga kamfanin a 1984, shi ne mutum na farko da suka ɗauka musamman don kiɗa. Kafin nan injiniyoyi ne ke haɗa 'yan ƙararrakin da ake ji a gem.

Na'urar da aka ba shi ya yi aiki a kanta, wato Famicom, wadda aka sayar a Amurka da Turai da sunan NES, ba ta iya kunna waƙar da aka naɗa kamar yadda wayarka ke yi. Tana da wata 'yar ƙwaƙwalwar sauti mai hanyoyi biyar, kuma a Super Mario Bros. huɗu aka yi amfani da su: biyu masu siririyar murya, ɗaya mai kauri da ke riƙe gindin kiɗan, ɗaya kuma ƙarar "shhh" ce kawai irin ta rediyon da ya rasa tasha, wadda Kondo ya riƙa gutsurawa ƙanana ƙanana ta zama kamar ganga. Amo uku kacal a lokaci guda. Kuma idan Mario ya yi tsalle ko ya ɗauki kwabo, ƙarar tsallen ba ta da hanyarta daban, sai ta ƙwace ɗaya daga cikin hanyoyin kiɗan na ɗan lokaci sannan ta mayar. Dole ya tsara kiɗan yadda ko an zare masa murya ɗaya ba zai rushe ba. Kowane amo kuwa da lambobi ake shigar da shi, tsayinsa da kaifinsa, kamar yadda muke rubuta kod. Makaɗi ne, amma rabin aikinsa irin namu ne.

Duk wasan, da hotunansa da matakansa da kiɗansa, kilobayit 40 ne. Ka lissafa: MP3 na yau da kullum yana cin kusan kilobayit 16 a kowace daƙiƙa. Ke nan Super Mario Bros. gaba ɗayansa bai fi daƙiƙa biyu da rabi na waƙar da ke wayarka ba. Duk lokacin da na ji ɗan'uwa mai haɗa manhaja yana kukan ba shi da kayan aiki, wannan lissafin nake tunawa, ni ma kuma ina cikin masu kukan.

Amma ƙarancin wuri ba shi ne babban darasin ba. Kondo ya sha ba da labarin cewa kiɗan farko da ya yi wa filin Mario ya fito a hankali, mai sanyi, domin ya kalli hoton shuɗin sama da ciyawa ne ya yi shi. Da aka ɗora shi a kan wasan sai ya ga bai tafi da gudun Mario da tsallensa ba. Ya watsar, ya koma yana buga gem ɗin yana sake kiɗan, har sai da ƙafar Mario da bugun kiɗan suka zama abu ɗaya. Shi ya sa idan lokaci ya rage ƙasa da 100 kiɗan ke ƙara sauri, zuciyarka ta bi shi. A Super Mario World na 1990, da zarar ka hau Yoshi sai a ƙara ganguna a kan kiɗan da ke tafiya, ka sauka su ɗauke. A Ocarina of Time na 1998 ma ɗan wasan aka miƙa wa abin busar, da amo biyar, shi zai busa da kansa ƙofa ta buɗe ko gari ya waye.

Da na fahimci wannan sai na ji kamar an tsikare ni, domin mu ba baƙin wannan ilimin ba ne. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya a ƙauyukanmu na Gwarzo da Kabo ya ga mai gangar noma yana bin bayan manoma. Idonsa yana kan garma, ba a kan gangarsa ba. In ya ga kunya ta kusa ƙarewa ya ƙara wuta, in ya ga wani ya fara sanyi ya juya masa takensa, sai ka ga mutum ya zabura kamar an watsa masa ruwa. A filin dambe haka mai kalangu yake: kowane ɗan dambe da takensa, kuma tun kafin ka hango shi kunnenka ya gaya maka wa ya shigo fage. Ɗan Anace da Shago sun isa misali. Abin da masu gem na duniya ke rubuta littattafai a kai, wato kiɗan da ke sauyawa da motsin ɗan wasa da kuma ba kowane jarumi nasa amon, kakanninmu da fata da itace suka yi shi. Mu jikokinsu kuma muka zo muna liƙa waƙar soyayya a kan tseren babur.

To, a ina za mu samo namu Kondon? Ina ganin suna nan, ba mu duba ba ne.

Masana'antar fim ta Kano, tun bayan Turmin Danya a 1990, a kan fiyano ta gina sautinta. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce a kan yadda fiyanon Yamaha samfurin PSR ya shigo situdiyoyin Kano ya sauya kiɗan Hausa, inda matasa suka riƙa lalubo muryoyin da ke cikinsa masu kama da sarewa da kalangu da sauran kayan kiɗanmu. Fim ɗin Sangaya na 1999 da irin wannan kiɗan ya mamaye gari. Ka ga ikon Allah: kamfanin da ya ƙera abin da Kondo ya koyi kiɗa a kai yana yaro a Japan, shi ya ƙera abin da yaran Kano suka koya wa kansu kiɗa a kai, yawancinsu ba tare da malami ko takarda ba. Yau da yawansu sun koma FL Studio a kwamfuta, amma hannun ɗaya ne. Mutanen nan sun saba da aiki cikin ƙunci, sun saba mawaƙi ya zo da baiti a baki su gina masa kiɗa kafin a ɗauke wuta. Kowa ya san Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker. Mutum nawa ne zai iya kawo sunan wanda ya zauna gaban fiyano ya haɗa kiɗan waƙar da ya fi so? In an yi masa kara, a ambace shi cikin daƙiƙa biyu a farkon waƙa.

Akwai wanda labarinsa ya fi kowa kama da na Kondo, kuma maƙwabcinmu ne. Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar ya samu wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya naɗi kiɗe-kiɗensa a 1978. Shekaru masu yawa gidajen rediyo da talabijin na Nijar suna sa su tsakanin shiri da shiri. Mutane sun tashi da amon a kunnensu, kamar yadda muka tashi da na Mario, da yawa ba su san mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da su, duniya ta ji sunansa. Ka neme shi a YouTube ka saurara da abin kunne. In aka ce maka daga wani tsohon gem na Japan aka ciro wasu daga ciki, ba lallai ka musa ba. Shekara 35 tsakanin yin aiki da samun yabo, kuma sai da baƙo ya zo daga wata nahiya.

Kada a ce Japan aljannar makaɗa ce. A ƙarshen wasan Zelda na farko, na 1986, ba a rubuta Koji Kondo ba, "Konchan" aka rubuta. Yoko Shimomura, matar da ta yi yawancin kiɗan Street Fighter II na 1991, da laƙabi ita ma aka sa ta. Haka kamfanonin suke yi a lokacin. Kuma kiɗan Mario mallakar Nintendo ne, ba na Kondo ba, shi ma'aikaci ne mai albashi. Bambancin shi ne an ba shi kujera tun ana tsara aiki, an ba shi lokaci ya yi ya ɓata ya sake, an riƙe shi shekara arba'in, kuma daga baya an fito da sunansa fili. A 2023 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa kiɗan Super Mario Bros. cikin rajistar sautukan da ake adanawa don tarihi, karo na farko ke nan da kiɗan gem ya shiga. Ga masu tunanin sai da digiri: Nobuo Uematsu, mai kiɗan Final Fantasy, shi ya koya wa kansa fiyano, kuma a shagon ba da hayar kiɗe-kiɗe yake aiki lokacin da kamfanin Square ya ɗauke shi.

Akwai wani labarin Zelda da ya kamata duk mai haɗa manhaja ya sani. Da farko wani shahararren kiɗan Faransa mai suna Boléro, na Maurice Ravel, suka shirya sawa a buɗewar wasan. Ana dab da gamawa aka gano wa'adin haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba. Ba su ce wa zai gane ba. Kondo ya kwana yana aiki, ya fito da wanda ake ji har yau. Mu kuwa a nan "wa zai gane" ita ce dokarmu ta farko. Amma Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, kuma ta tanadi haƙƙin mai aiki na a danganta aikinsa gare shi, tare da hanyar neman a sauke abin da aka sata aka ɗora a intanet. Ko babu doka ma, mu da muke ihu idan wani ya kwafe kod ɗinmu ya sauya launi ya sa sunansa, da wane baki za mu kare ɗaukar gumin wani?

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a wani zauren WhatsApp na masu koyon kod. Na farko, ai yawancin mutane a kashe suke barin murya in suna gem a waya. Akwai gaskiya a ciki. Mutum yana cikin mota ko shago ko kusa da iyaye, wani kuma ba ya son kiɗa kwata-kwata saboda fahimtarsa ta addini, kuma wajibi ne a girmama shi: a sa maɓallin kashe kiɗa a fili, daban da na kashe ƙarar motsi, ba a ɓoye shi cikin saiti na bakwai ba. Amma abokaina ba don kunya suka rage muryar gem ɗina ba, don ta dame su ne. Waɗannan mutanen dai su ne ke sa abin kunne in za su buga Free Fire ko PUBG, domin a can jin takun abokin gaba shi ne rai. Mutum yana kashe sautin da ba ya yi masa aiki ne.

Na biyu, babu kuɗi. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, ba zan raina ta ba. Wanda ke haɗa kuɗin data da ƙyar ba za a ce ya ɗauki ma'aikaci ba. Sai dai gem ƙarami ba kundin waƙoƙi yake buƙata ba. Kiɗa na daƙiƙa talatin ko arba'in da ƙarshensa ke komawa farkonsa ba tare da an ji gaɓa ba, da ƙananan sautuka kamar goma, sun wadatar. Super Mario Bros. kansa kiɗa shida ne a ciki. In kuɗin hannu babu, akwai yarjejeniyar kaso, a rubuce, da shaida, ba ta baki ba. Sunansa kuma a shafin farko, wannan ko sisi ba ya ci.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna: ai yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Suno za su yi maka kiɗa cikin minti ɗaya. Na gwada. Na rubuta ina son kiɗan Hausa mai kalangu na tsere. Abin da ya fito yana da daɗin ji, amma in ka rufe ido ba za ka ce daga Kano yake ba, wani abu ne tsakanin Legas da Indiya. Kuma ko ya dace, dunƙule guda zai ba ka. Bai ga babur ɗinka ba, bai san a daƙiƙa ta nawa ake karo da akuya ba. Ban ce kar a taɓa shi ba, ni kaina da irin waɗannan manhajoji nake gyara kod. Tsorona shi ne, in muka saba da shi tun yanzu da masana'antar gem ɗinmu ko rarrafe ba ta fara ba, ƙofar da ya kamata a buɗe wa yaron situdiyo za a toshe ta tun kafin ya san akwai ta. Shekara ashirin nan gaba yaranmu su tashi da amon da babu wanda ya yi shi.

Ga masu fiyano kuma, ku ma da naku. Kiɗan gem ba kiɗan biki ba ne. Mutum zai ji shi sau ɗari a zama ɗaya, don haka duk abin da ya cika ƙawa zai gundure shi. Sai an koyi barin fili. Sai an koyi miƙa aiki a rarrabe, ganga daban, sarewa daban, gindi daban, domin mai kod ya iya ƙara ɗaya ko ya zare ɗaya gwargwadon abin da ke faruwa a wasan. Injinan haɗa gem irin su Godot da Unity duk suna iya wannan, Godot ma kyauta ne. Wanda ke son ya ɗanɗani ƙuncin da Kondo ya yi aiki a ciki, akwai FamiStudio, kyauta ce kuma tana aiki a Android. Ka ba kanka amo uku ka ga ko za ka iya fitar da abin da ƙanwarka za ta riƙa rerawa tana wanke-wanke.

Ni dai na koma kan ɗan acaɓana. Na shiga Kano na sami wani matashi a wata 'yar situdiyo, wanda aikinsa kullum kiɗan biki ne da na 'yan siyasa. Da na ce kiɗan gem nake so sai ya ce in rera masa waƙar. Na ce babu waƙa, na miƙa masa wayar. Ya buga ya faɗi, ya buga ya faɗi, kusan minti ashirin bai taɓa fiyanon ba. Can ya ɗago ya ce, "Malam, in ya kusa rami ya kamata kalangun ya ɗan matse, ko?" Ban taɓa ba shi labarin Kondo ba.

Mun yi takarda, yana da kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da gem ɗin ya kawo, in ya kawo. Kiɗan duka bai kai rabin megabayit ba. Ƙarar faɗawa rami kuwa ba daga fiyano ta fito ba, tsohuwar langa ce muka saki a kan siminti muka naɗa da waya. Har yanzu muna gardama a kan sautin akuyar, shi yana so a naɗi ta gaske a kasuwa, ni ina ganin za ta fi ban dariya in da baki aka yi.